Yadda rumbun bayanai ke jure mutuwar faifai, da inda kariyar ke ƙarewa

Rumbun faifai na tarayya tsari ne da kwamfutoci masu yawa ke karatu da rubutu a kan jerin faifai guda. Irinsa ne bankuna da ma'aikatun gwamnati ke amfani da shi wajen adana bayanan albashi, haraji da rajistar jama'a. Masu tsara shi sun san ko ba daɗe ko ba jima faifai zai mutu. Burinsu shi ne kada aiki ya tsaya ranar da hakan ya faru.

Fitacciyar dabarar ita ce RAID, wadda David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka fayyace a 1988. A RAID 1, duk abin da aka rubuta a faifai ɗaya ana kwafarsa a na biyu. RAID 5 kuwa lissafi yake ajiyewa domin cike giɓi. Misali, idan faifai biyu na riƙe da 3 da 5, na uku kuma na riƙe da jimlarsu, wato 8, to ko mai 5 ya lalace, a cire 3 daga 8 an dawo da shi. Sai dai sake gina babban faifai kan ɗauki sa'o'i, wani lokaci kwanaki, kuma idan na biyu ya mutu a wannan tsakani, komai ya salwanta. Shi ya sa aka fito da RAID 6, mai jure rashin faifai biyu.

Lamarin ya fi sarƙaƙiya idan kwamfuta ce ta yi shiru. Sauran ba su da tabbacin ko ta mutu ne ko layin sadarwa ne ya katse, kuma idan ɓangarori biyu suka ci gaba da rubutu a wuri guda, bayanan za su dagule. Don haka akan bi rinjaye: ɓangaren da ya fi yawa ya ci gaba, wadda ake shakka a kanta a toshe mata hanyar faifai ko a kashe ta, sannan a bi kundin da take rubuta ayyukanta a kammala ko a soke abin da ta bari rabi da rabi.

Duk wannan ba ya maganin gobara, ko share fayil bisa kuskure. A ranar 26 ga Satumba 2025, batir ya kama da wuta a cibiyar adana bayanan gwamnatin Koriya ta Kudu da ke Daejeon, manhajojin gwamnati fiye da 600 suka tsaya. Rumbun G-Drive, inda ma'aikata ke ajiye takardun aiki, ya ƙone da bayanai kimanin terabait 858. Ba a ajiye kwafinsa a wani gini ba, kuma hujjar da jami'ai suka bayar ita ce girmansa ya yi yawa.