Layin da Ba a Zana wa Kwale-kwale Ba

Wanda ya taɓa tashi daga filin jirgin saman Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa ya san ƙa'idar wurin. Sai an ga sunansa a takarda, an ɗora jakarsa a sikeli, an nuna masa kujerarsa. In kujeru sun ƙare, ko ɗan wane ne sai ya jira tashi na gaba. Daga filin zuwa fadamar Gulbin Kabi ba wata tafiya ba ce mai nisa. Can kuwa, idan damina ta kankama ruwa ya shafe hanyoyin gona, manoman shinkafa kan yi sammako su cika kwale-kwale, ga buhunan taki, ga babur an kwantar a tsakiya, mai fito yana auna nauyin da ido. Babu mai rubuta suna. In tsautsayi ya gitta, sai an bi gida-gida ana tambayar wanda bai dawo ba kafin a san adadin waɗanda ke ciki.

Haka aka yi a ranar 26 ga Mayu, 2021, lokacin da wani jirgin katako ya dare a kogin Kwara kusa da Wara, cikin ƙaramar hukumar Ngaski. Jami'an hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida sun ƙiyasta mutum kusan 180 ne a ciki, kuma kimanin 20 aka ceto da rai. Hukumomin Ngaski sun ce jirgin bai kamata ya ɗauki fiye da mutum 80 ba, ga shi kuma an loda masa buhunan ƙasa daga wurin haƙar zinariya. Kwana 15 bayan haka, ranar 10 ga Yuni, Shugaba Muhammadu Buhari ya je Apapa ya ƙaddamar da shirin tsaron teku na Deep Blue, mai dala miliyan 195, da jiragen sintiri da jiragen sama da masu saukar ungulu. Ƙasa ɗaya ce, kuma a lokacin ma'aikatar sufuri ɗaya ce ke bisa duka biyun. Yadda aka yi ruwan gishiri ya sami mai gadi, ruwan gulbi kuwa aka bar shi kusan maraya, labari ne da ya girmi Najeriya kanta.

Kafin Turawa, ruwan wannan yanki yana da masu shi. Daular Kabi da Kanta ya kafa a ƙarni na 16 ta tsaya ne a kan fadama da gulbi, har labarin gargajiya ya ce Kanta ya sa an yi masa jirgi lulluɓe da tagulla, wanda yake zagaya ƙasarsa a ciki idan ruwa ya cika. A Argungu har gobe ba a faɗa wa Matan Fada da su sai Sarkin Ruwa ya ba da izini, kuma duk wanda ya halarci bikin da aka fara tun ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934 ya ga haka da idonsa. Can ƙasa wajen Yawuri akwai Sarkawa da Gungawa, waɗanda gulbi ne gonarsu kuma shi ne hanyarsu. Aikin sarkin ruwa bai tsaya ga tsafe-tsafen da 'yan kallo suka fi so a ba su labari ba. Shi ya san inda zurfi yake da inda dutse ya ɓuya, ya san makwancin dorina, ya san watan da iska ke tasowa da la'asar. Yana da ikon ya ce yau ba a fito, kuma ba a yi. In jirgi ya kife shi ke tara masu ninƙaya. Hukuma ce sosai, sai dai an yi ta daidai da kwale-kwalen da ake tuƙawa da gora da filafili, wanda ke ɗaukar mutane kaɗan da duk aka san iyayensu.

Turawa da suka zo, kaya suka biyo. Taron Balin na 1884 zuwa 1885 ya ayyana Kwara a matsayin kogin da kowace ƙasa ke da 'yancin kasuwanci a kansa, Kamfanin Royal Niger ya sami takardar izinin mulki a 1886, gwamnatin Ingila ta karɓe a 1900. Aka kafa sashen jiragen ruwa na Arewa a Lakwaja, aka haɗe shi da na Kudu a 1914. Aikinsa share hanya, cire itatuwan da suka faɗa ruwa, sa alamomi, da tabbatar da cewa jiragen tururi masu ɗauke da gyaɗa da auduga da fatu sun isa bakin teku. To amma jirgin tururi ba ya iya haura duwatsun da ke tsakanin Jebba da Busa, inda Mungo Park ya halaka a 1806. Saboda haka duk abin da ke sama da nan, wato Yawuri da Gulbin Kabi har zuwa Sakkwato, ya zauna a wajen lissafin hukumar. Da layin dogo na Baro ya isa Kano a 1911, aka kuma haɗa shi da na Legas, kogin kansa ya fara rasa muhimmanci a idon gwamnati.

A tsakiyar shekarun 1950 aka raba gadon wannan tsohon sashe gida uku. Hukumar tashoshin jiragen ruwa, NPA, ta fara aiki a 1955. A 1956 aka kafa rundunar sojan ruwa, aka kuma kafa sashen hanyoyin ruwa na cikin gida mai hedkwata a Lakwaja. Biyu na farko sun tashi da gata. Na ukun ya zauna ɗan ƙaramin ofishi a ƙarƙashin ma'aikata har shekara 41, sai a 1997 doka mai lamba 13 ta mayar da shi hukuma mai cin gashin kanta, wato NIWA.

A nan ya kamata mai karatu ya san yadda ake kula da jirgin teku, domin da shi za a gane abin da gulbi ya rasa. Tushen abin gardama ce a kan lodi. A Ingila ta ƙarni na 19, wasu masu jirage kan cika tsohon jirgi da kaya fiye da kima, su yi masa inshora mai tsoka. In ya nutse da matuƙansa, su dai ba su yi asara ba. Wani ɗan majalisa mai suna Samuel Plimsoll ya ɗaura ɗamarar yaƙi da wannan, har dokar 1876 ta wajabta a zana layi a jikin kowane jirgi, wanda in ruwa ya rufe shi an san lodi ya wuce iyaka. Abin dariya, da farko mai jirgi ne ke zaɓar inda zai zana layin, sai a 1890 aka mayar da wannan hannun hukuma. Daga nan sai nutsewar Titanic a 1912, da mutum fiye da 1,500, a jirgin da kwale-kwalensa na ceto ba su isa ɗaukar fiye da kimanin rabin mutanen ciki ba. Ita ta haifi yarjejeniyar kare rayuka a teku, SOLAS, a 1914, wadda sigarta ta 1974 ake aiki da ita yanzu ƙarƙashin hukumar jiragen ruwa ta duniya, IMO, mai zama a Landan. Najeriya ta shiga IMO a 1962.

IMO ba ta da ɗan sanda ko ɗaya. Ƙasashe ne ke zartar da dokokinta, ta fuska biyu. Ƙasar da jirgi ke ɗauke da tutarta ita ke masa rajista, ta aiko masu duba lafiyar gangar jikinsa da injinsa da kayan kashe gobara, ta ba kyaftin da injiniyoyi takardar shaidar ƙwarewa. Ƙasar da jirgi ya yada zango a tasharta kuma tana da ikon hawa ta duba, ko tutar wa yake ɗauke da ita, in ta ga aibi mai haɗari ta tsare shi sai an gyara. Wannan na biyun shi ne bulalar, domin kowace ranar da jirgi ya yi a ɗaure asara ce ta dubban daloli, kuma sunansa na shiga kundin da sauran tashoshi ke gani. Ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya sun ƙulla tasu yarjejeniyar binciken a Abuja cikin Oktoban 1999. A Najeriya duka ayyukan biyu na hannun NIMASA, wadda aka samar a 2006 bayan haɗe hukumar NMA ta 1987 da majalisar kula da ma'aikatan tashoshi, dokarta kuma ta fito a 2007. Doka ta ba ta kashi 3 cikin ɗari na kuɗin dakon duk kayan da ke shigowa ko fita ta teku.

Tsaro ya shigo daga baya. Harin 11 ga Satumba, 2001 ya sa aka tsara ƙa'idar tsaron jirage da tashoshi, ISPS, wadda ta fara aiki a Yulin 2004. Najeriya ta yi ta jan ƙafa har Amurka ta yi mata kashedi a 2013, sannan aka damƙa wa NIMASA aikin. Sai kuma 'yan fashin teku: a 2020, cikin ma'aikatan jirgi 135 da aka sace a duniya baki ɗaya, 130 a Mashigin Tekun Gini aka ɗauke su. Kamfanonin inshora suka ƙara kuɗi, ƙarin kuma ya sauka a kan farashin duk abin da ake saukewa a Apapa, har da wanda ake sayarwa a kasuwar Birnin Kebbi. Dokar hukunta fashin teku ta 2019 ta ba kotuna hurumi, a Yulin 2021 wata babbar kotun tarayya a Legas ta ɗaure mutum 10 shekara 12 kowannensu saboda fashin wani jirgin kamun kifi na 'yan Sin. A lokacin Bashir Jamoh, ɗan Kaduna, ke shugabantar hukumar. Adadin waɗanda aka sace a yankin ya sauko zuwa 57 a 2021, ya koma 2 a 2022. Ba Najeriya kaɗai ta yi aikin ba, amma kowa ya shaida an yi shi.

A ganina darasin tarihin a fili yake. An gyara teku ne domin akwai masu matsa lamba daga waje, akwai kuma dala a ciki. Fasinjan Wara ba shi da kamfanin inshora a Landan. SOLAS ma ba ta san da zamansa ba, domin ta shafi jiragen da ke tafiya tsakanin ƙasashe ne, kuma ta fitar da jiragen katako na ƙirar gargajiya daga hukuncinta ƙarara.

A takarda NIWA ba ta rasa iko ba. Dokarta ta lissafa kogin Sakkwato cikin hanyoyin ruwa na tarayya, ta ba ta ikon yi wa jirage rajista, da ba matuƙa lasisi, da iko da mita 100 daga kowace gaɓa. A Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar mata da wannan hurumi a shari'arta da jihar Legas. Tana da ofishi a Yelwan Yawuri. Ƙa'idojin sufurin ruwa na 2023 sun wajabta rigar kariya, sun hana tafiyar dare da wuce kima wajen lodi, an kuma ɗauki dogarawan ruwa a wasu tashoshi. Amma tashar teku ƙofa ce guda mai shinge, gulbi kuwa duk inda ƙauye ya leƙo nan kwata take.

Gulbin kansa ma ya sauya. Madatsar Kainji da aka gama a 1968 ta tayar da mutum kimanin 44,000, ta nutsar da tsohuwar Busa da dazuzzuka masu yawa da ba a sare ba. Kututturan na nan tsaye ƙarƙashin ruwa, suna jiran cikin jirgi. Tafki mai faɗi na tayar da igiyar da tsohon kogi bai sani ba, injin kuma ya sa aka riƙa sassaƙa dogayen jiragen katako masu ɗaukar mutum ɗari ko fiye. Ilimin da sarkin ruwa ya gada na wani ruwa ne da ba shi yanzu. Bayan haɗarin Wara hukumar HYPPADEC, mai kula da yankunan da madatsun lantarki suka shafa, ta shiga sare kututture da rabon rigunan kariya, aikin da ya kamata a ce an yi shi tun shekara 50 da suka wuce.

Akan ɗora laifin kan haɗamar masu jirgi da taurin kan fasinja, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai a duba lissafinsu. Kasuwa sau ɗaya take ci a mako, matar da aka bari a kwata da kwandon kifi ta yi asarar mako guda, ita ce ma za ta roƙi a matsa mata wuri. Mai jirgi kuma, tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, sawu biyu na iya cinye ribarsa. In babu wani na uku a bakin ruwa wanda cikar jirgin ba ta ƙara masa ko kwabo, kuma yana da ikon cewa ya isa, to za a cika. Layin Plimsoll bai wuce gwangwanin fenti da ma'aikaci ɗaya da ya iya awo ba, littafin sunayen fasinja kuwa ko magatakardan sarkin ruwa zai iya riƙe shi. Abin da ke da tsada shi ne albashin mai tsayawa a kwata kowace ranar kasuwa, da hukumar da za ta tsaya masa ranar da ya hana jirgin mai unguwa tashi.

Jerin bai tsaya a Wara ba. A ƙarshen Nuwamban 2021 mutum 29, galibinsu 'yan makarantar Islamiyya masu zuwa Mauludi, suka rasu a madatsar Watari ta Bagwai. A Afrilun 2022 wasu 29 suka nutse a yankin Shagari. A Yunin 2023 'yan biki fiye da 100 suka halaka da dare kusa da Patigi. A Agustan 2025 wani jirgi mai zuwa kasuwar Goronyo ya kife, hukumar agajin gaggawa ta ce akwai mutum fiye da 50 a ciki, kuma wannan ma ƙiyasi ne. Ruwan Rima ne, wanda ke gangarowa ta Sakkwato da Argungu, ya bi fadamar da ke bayan Ambursa.