Giwan ruwa da tarwaɗa: abin da suke ci a kogin Kwara

A gaɓar Malanville, inda gada ta haɗa Benin da garin Gaya na Nijar, kifaye biyu ne mai ƙugiya ya fi sa rai da su: giwan ruwa, wadda ake kira capitaine da Faransanci, da tarwaɗa. Ruwa ɗaya suke ciki, amma hanyar cin abincinsu ta bambanta ƙwarai, shi ya sa abin da ya kama ɗaya ba lalle ya kama ɗayar ba.

Giwan ruwa, Lates niloticus a sunan kimiyya, mafarauciya ce. Tana 'yar ƙarama tana cin ƙananan halittun da ke yawo cikin ruwa, sannan tsutsar ƙwari da jatan lande. Da ta tasa sai ta koma cin kifi, irin su kawara da ƙananan karfasa, har 'ya'yan jinsinta ba ta bari. Ba ta da manyan haƙora irin na tsage, wage baki take yi ta zuƙe kifin ɗungurungum. Babbarta kan kai kusan mita 2 da kilo 200, ko da yake irin wannan ta yi wuyar gani yanzu. Ƙarfin cinta ya fito fili a tafkin Victoria na gabashin Afirka, inda aka zuba ta a shekarun 1950, ta taimaka wajen ɓacewar ire-iren ƙananan kifaye masu yawa.

Da ido take farauta, kuma idon nata yana aiki ko haske ya yi ƙaranci, don haka ta fi kai hari da asuba da almuru. Tana son gurbi mai zurfi, kusa da duwatsu ko kututture, inda ruwa ke gudana. Wanda ke nemanta sai ya saƙala ƙaramin kifi mai rai a ƙugiya. Mataccen da ba ya motsi bai cika jan hankalinta ba.

Ita kuwa tarwaɗa, ta dangin Clarias, ba ta da zaɓe. Tana cin tana, gara, katantanwa, kwaɗi, ƙananan kifaye, 'ya'yan itatuwa da mushe. Gashin baki takwas gare ta, da su take laluben abinci a ƙasan ruwa, tana bin wari da ɗanɗano, galibi da dare. Wannan ne ya sa hanjin kaza ke kama ta, har ma da gutsuren sabulu, wanda masunta da dama ke sawa. Tana kuma da wata gaɓa a saman matsefinta da ke ba ta damar shaƙar iska, sai ta rayu a kududdufin da giwan ruwa ba za ta kwana a ciki ba.

Yanayin kogin ma yana da nasa tasiri. Kwara na cika sau biyu a wannan yanki. Cikar damina, wajen Agusta da Satumba, jan ruwa ce mai laka, wadda rafuka irin su Sota da Alibori ke ƙara wa ƙarfi. A lokacin tarwaɗa kan bi ruwa ta shiga ciyawar fadama, ta yi ƙwai ta ci ta ƙoshi, ita kuwa giwan ruwa laka na rage mata gani. Cika ta biyu daga tsaunukan Gini take tasowa, tana isowa tsakanin Disamba da Fabrairu da ruwa mafi tsabta. Sai dai sanyin hunturu na rage wa kifi ci, musamman da sassafe.

A ganina, bazara ta fi wa mai ƙugiya riba, domin ruwa ya janye, kifaye sun taru a gurabe, abinci ya yi musu kaɗan. Hatsarin shi ne a lokacin ne aka fi kwashe ƙananan giwan ruwa da ba su kai yin ƙwai ba, da ragar mai ƙananan ido, wani lokaci har da gidan sauro.