Kete-Karachi: Garin Fatake a Bakin Kogin Volta

Ɗalibin Hausa da ya karanta rubuce-rubucen Alhaji Umaru zai riƙa cin karo da sunan Kete-Karachi, ƙaramin gari a bakin kogin Volta, a yankin da ake kira Oti a Ghana ta yau. Garin da ake gani a yau sabo ne, tsohon kuwa yana ƙarƙashin ruwa. Kogin ne ya jawo mutane zuwa wurin tun farko, shi ne kuma ya tashe su daga baya.

Asali garuruwa biyu ne maƙwabta. Karachi mazaunin 'yan ƙasa ne masu magana da wani harshe na dangin Guan, kuma ya yi suna saboda tsafin Dente, wanda har sarakunan Tonawa, wato Asante, suke aikawa neman shawara a wurinsa. Kete kuwa zango ne na baƙi Musulmi, galibinsu Hausawa. Garuruwan suna kusa da inda kogin Oti yake haɗuwa da Volta, a ƙasar da kurmi ya fara sakin jiki ya koma daji mai ciyawa. Ana noman doya da rogo, ana kamun kifi, kuma hunturu yana isa can kamar yadda yake isa ƙasar Hausa, sai dai damina ta fi tsawo.

Wannan yanayi shi ya tsara ciniki. Jakunan fatake ba sa daɗewa a cikin kurmi saboda cizon tsando, don haka ayarin da ya taso daga Kano ko Sakkwato yakan tsaya a bakin kurmi, masu dako su fito masa da goro a ka. Ta kudu kuwa, ana ɗauko gishiri daga Ada, a bakin teku, a hau da shi cikin kwale-kwale, kuma duwatsun da ke cikin kogin kusa da Karachi sukan tilasta a sauke kaya. Inda hanyar ruwa ta haɗu da hanyar tudu, dole kasuwa ta ci.

Duk da haka, a yawancin ƙarni na 19 Salaga ce babbar kasuwar Gwanja, inda madugu yake sauke ayarinsa da kanwa, da tufafi, da fatu, da bayi, ya koma da goro. Abubuwa biyu suka karya ta. A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi, ƙasashen arewa suka kuɓuce daga hannun Tonawa, hanyar goro ta rikice. A 1892 kuma yaƙin basasa ya ɓarke kan sarauta a Salaga, baƙi suka watse. Da yawa daga cikinsu suka gangara Kete, ƙaramin zango ya cika da 'yan kasuwa da malamai. Ba a rasa saɓani tsakaninsu da mai tsafin Dente ba, musamman kan kuɗin da yake karɓa daga fatake. A 1894 Jamusawa da ke mulkin Togo suka iso, suka kashe shi, suka kafa bariki a wurin.

Cikin waɗanda suka baro Salaga akwai Malam Umaru, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, zuriyarsa kuma daga Kabi take. Ya zama limamin Kete, ya koyar da ɗalibai da suka bazu a zangunan ƙasar, ya rasu a can a 1934. Ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa, ciki har da na zuwan Nasara, ya kuma fassara waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi zuwa Hausa. Wani jami'in Jamus mai suna Adam Mischlich, wanda ya buga ƙamus na Hausa a 1906, ya yi karatu a wurinsa, ya kuma sa shi ya rubuta bayanai da ajami kan tarihi, da sana'o'i, da al'adun Hausawa. Waɗannan takardu suna cikin tsofaffin rubutun zube na Hausa mafi tsawo da muke da su, kuma an rubuta su ne nesa ƙwarai da ƙasar Hausa.

Jamusawa sun rasa Togo a 1914, yammacinta ya koma hannun Ingila, sannan bayan ƙuri'ar raba-gardama ta 1956 ya shiga cikin Ghana. Kafin nan jirgin ƙasa da mota da jirgin ruwa sun riga sun ƙwace fataucin goro daga hannun ayari, kasuwar Kete ta ja baya. A zamanin Kwame Nkrumah aka gina madatsar ruwa ta Akosombo, aka kammala ta a 1965. Tafkin da ya taru ya mamaye kusan murabba'in kilomita 8,500, ya tashi mutane kimanin 80,000, aka sake tsugunar da su a sababbin matsugunai 52. Tsohuwar Kete da gidajenta da kasuwarta suka nutse, aka gina sabon gari a kan tudu.

Yau ruwa ya kusa kewaye Kete-Karachi. Kamun kifi ya bunƙasa, masunta sun zo daga kudu, mai zuwa daga Kumasi kuma sai ya haɗa da jirgin fito ko ya yi dogon zagaye. Mai son ya san yadda zangon ya kasance a zamanin fatake ba zai tarar da gine-ginensa ba, sai dai ya koma ga takardun Alhaji Umaru da na almajiransa. Wannan ya isa dalilin da zai sa ɗalibin Hausa ya koyi karatun ajami.