Su Wa Suka Ƙera Jirgin Endurance?

A ranar 5 ga Maris 2022, jirgin bincike na Afirka ta Kudu mai suna S.A. Agulhas II ya gano wani tsohon jirgin katako zaune a ƙasan Tekun Weddell, can ƙuryar kudancin duniya kusa da Antatika, a zurfin mita 3,008. Kyaftin ɗin jirgin binciken, Knowledge Bengu, ɗan Afirka ta Kudu ne. Da na'urar ɗaukar hoto ta sauka, sai ga jirgi zaune daram kamar jiya ya nitse. Sunansa, Endurance, yana nan raɗau a bayansa, a ƙarƙashin sunan kuma ga tauraro mai tsini biyar. Ya fi shekara 106 a cikin ruwa. Sanyin wurin ya taimaka, don tsutsar da ke cin katako ba ta rayuwa a can. Amma fa aikin hannun waɗanda suka haɗa shi ma ya nuna kansa.

To, duniya ta san wanda ya jagoranci tafiyar, wato Ernest Shackleton. An san sunayen mutum 28 da ke cikin jirgin ɗaya bayan ɗaya. Tambayar da muka ɗauko yau ita ce, su wa suka fafe katakon, suka buga ƙusoshin? Wannan ita ce tambayar da ke gaban duk wanda ya tashi ya ji ana cewa a gidansu, ai kakanmu yana cikin waɗanda suka ƙera jirgin nan.

Bari mu fara da tafiyar a taƙaice. Endurance ya bar Plymouth ta Ingila a watan Agusta 1914, daidai lokacin da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke. Niyyar Shackleton ita ce ya ratsa nahiyar Antatika daga wannan gaɓa zuwa waccan. Ba su ko taka ƙasar ba. A watan Janairu 1915 ƙanƙara ta kama jirgin ta riƙe, ta yi ta matsarsa wata da watanni. Ranar 27 ga Oktoba suka fice daga cikinsa, ranar 21 ga Nuwamba ya nitse. Suka zauna a kan ƙanƙara, daga baya suka shiga ƙananan kwale-kwale uku suka kai Tsibirin Elephant a watan Afrilu 1916. Daga nan Shackleton da mutum biyar suka ɗauki kwale-kwale guda, suka yi tafiyar kusan kilomita 1,300 zuwa tsibirin South Georgia neman agaji. Ranar 30 ga Agusta 1916 wani jirgin ƙasar Chile mai suna Yelcho ya kwashe sauran mutum 22. Ba wanda ya rasa ransa a cikin mutanen jirgin.

Jirgin kuwa ba a Ingila aka ƙera shi ba. An ƙera shi a ma'aikatar Framnæs da ke Sandefjord, a kudancin ƙasar Norwe, aka saka shi ruwa ranar 17 ga Disamba 1912. Garin ya yi suna wajen farautar manyan kifayen teku waɗanda ake tatsar mai daga jikinsu, saboda haka kafintocinsa sun saba yin jirgin da zai yi karo da ƙanƙara bai tarwatse ba. Attajirin garin, Christen Christensen, shi ya kafa kamfanin Framnæs a 1898, a kan tushen tsofaffin wuraren ƙera jirgi da ke gaɓar. Ole Aanderud Larsen ne ya zana fasalin jirgin, Christian Jacobsen kuma shi ne ubangidan kafintoci. Ana ba da labarin cewa Jacobsen bai yarda da kafinta a wannan aiki ba sai wanda ya taɓa shiga teku farauta, ya ga yadda ƙanƙara take yi wa jirgi. Tsawon jirgin mita 44 ne. Ƙashin bayansa katako huɗu ne manya, an ɗora wannan bisa wannan, kaurinsu ya wuce mita biyu.

Waɗanda suka sa a yi shi, Adrien de Gerlache ɗan Beljiyam da Lars Christensen, sun so ne su riƙa kai masu kuɗi yawon farauta a tekun arewa. Cinikin bai yiwu ba, sai aka sayar wa Shackleton a 1914. Shi ya sauya masa suna zuwa Endurance, wato juriya, daga kirarin gidansu. Ma'aikatar Framnæs ta ci gaba da ƙera jirage har 1986, sannan ta daina.

Ka ga dai sunaye nawa muka ambata: mai kamfani, mai zane, ubangidan aiki, masu saye. Sauran ma'aikatan fa? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wanda ke neman kakansa a cikinsu, tarko huɗu ne ke jiransa.

Na farko, sunan jirgin. Lokacin da ake ƙera shi, Polaris ake ce masa, sunan tauraron arewa, shi ya sa ma ake ganin tauraron nan a bayansa har yau. Duk wanda ya buɗe takardun 1912 yana neman Endurance, ba abin da zai samu, sai ya tashi yana cewa labarin gidansu ƙarya ne, alhali shi ne bai san sunan yankan jirgin ba.

Na biyu, ruɗanin jirage. Akwai wani shahararren jirgin ƙanƙara mai suna Fram, wanda ya kai Roald Amundsen Antatika a tafiyar da ya isa tsakiyar kudancin duniya a 1911. Colin Archer ne ya ƙera shi a Larvik a 1892, Larvik kuwa maƙwabciyar Sandefjord ce. Fram da Framnæs, ka ji yadda sunayen suka yi kama. Labari ya bi bakin mutum uku, ba wuya wanda ya yi aiki a Framnæs ya koma wanda ya ƙera Fram.

Na uku, sunan mutumin da kansa. Kafin dokar sunaye ta 1923, mutanen Norwe da yawa ba su da sunan gida tsayayye. Ɗan Hans sai a ce masa Hansen, ɗansa kuma ya ɗauki sunan nasa uban. Wani kuma da sunan gonar da yake zaune ake kiransa, in ya tashi ya koma wata gonar, sunan ya sauya. Mutum ɗaya yana iya fitowa da suna biyu a takarda biyu, mutum goma kuma su fito da suna ɗaya. Abin da ke raba gardama shi ne ranar haihuwa da wurinta.

Na huɗu, iyakar abin da takarda za ta faɗa. Norwe ta sa ƙidayar jama'arta ta 1910 a intanet kyauta, a ma'ajiyar da suke kira Digitalarkivet, tare da littattafan coci na haihuwa da aure da mutuwa. Ƙidayar tana nuna sunan mutum, ranar haihuwarsa, inda yake zaune da sana'arsa. Mai nema sai ya duba har da karkarar da ke kewaye da garin, wadda a lokacin ake kira Sandeherred, don ba a haɗe ta da Sandefjord ba sai 1968. To, a ce ya samu kakansa, an rubuta kafintan jirgi. Madalla. Sai dai ƙidayar ta riga saka jirgin ruwa da shekara biyu, kuma ma'aikata ba jirgi ɗaya take aiki a kansa ba. Abin da ya tabbata shi ne sana'ar mutumin da garinsa. Cewa hannunsa ya taɓa Polaris, wannan sai da wata shaidar: littafin albashi in ya tsira, ko wasiƙa, ko hoto mai suna a bayansa. Garin yana da gidan tarihin farautar teku tun 1917, kuma irin wannan wuri ne mai nema kan nufa da tambayarsa.

Saboda haka mai bincike na gaskiya yakan kasa abin da ya samu kashi uku: abin da takarda ta tabbatar, abin da zai iya yiwuwa, da abin da aka ji kawai. Ba a zubar da na ukun, don sau da yawa shi ne ke nuna inda za a tona. Amma ba a sa masa rigar na farkon. Akwai zafi a ce wa iyali abin da suka daɗe suna alfahari da shi bai wuce mai yiwuwa ba. Duk da haka, ka bar wa jikanka ƙaramar gaskiya ya fi ka bar masa babban labarin da wani zai rushe masa a bainar jama'a.

Kada ma a ɗauka shiga jirgin ya isa ya tsare wa kafinta sunansa. Harry McNish shi ne kafintan tafiyar. Shi ya ɗaga gefunan kwale-kwalen da ya yi tafiyar nan ta neman agaji, ya yi masa rufi da 'yan guntayen katako da tamfol, kuma yana cikin mutum shidan da suka shiga. Amma ya taɓa yi wa Shackleton gardama a kan ƙanƙara, kuma da aka dawo yana cikin mutum huɗu da ba a ba lambar yabo ba. Ya ƙare a talauce a Wellington ta ƙasar Niyu Zilan, ya mutu a 1930, kabarinsa bai samu dutse mai suna ba sai 1959.

Mu da muke zaune a zango, tarko na uku ba baƙo ba ne gare mu. Mu ma da sunan uba ake kiranmu, ko da sunan garin da aka fito, ko da sana'a, ko da laƙabin da ya danne sunan yanka. Kakanninmu da suka sauko Kurmi fataucin goro da shanu, mafi yawansu ba littafin da ya ɗauki ranar haihuwarsu. Mutanen Norwe suna da ƙidaya da rajista, amma ga shi suna shan wuya kafin su haɗa mutum ɗaya da jirgi ɗaya. Mu kuwa ma'ajiyarmu tana ƙirjin tsofaffinmu, kuma kullum raguwa take yi. In da dattijo ko gyatuma a gidanku, ku zauna da su tun suna iya magana. A rubuta sunan yanka da laƙabi, garin asali, sana'a, wanda aka sauka a gidansa, da sarkin da ke kan gado lokacin da aka iso. A gefen kowane layi kuma a sa wanda ya faɗa, da ko ya gani da idonsa ne ko shi ma ji ya yi.