Daga Tana zuwa Kifin Roba

A gulbin Sakkwato, wanda ya ratsa Gusau da Bunguɗu, mai fatsa ya daɗe da sanin cewa sai da yaudara kifi ke hawa ƙugiya. Yakan tono tana a danshi, ko ya soke ɗan ƙaramin kifi, ya jefa ya jira.

A 1949, a garin Akron na jihar Ohiyo ta Amurka, wani ma'aikacin injin mai suna Nick Creme ya narka roba a ɗakin girkinsa, ya zuba ta a siffar tana. Ta yi laushi, kuma ba ta mutuwa a gwangwani. Zuwa shekarun 1980, masu fatsa a madatsun ruwan Kalifoniya suka lura manyan kifin da suke kira bas na farautar ƙananan kifayen da hukuma ke zubawa. Sai suka ƙera kifin roba mai kaɗa wutsiya in an ja zare, kamar mai rai.

Dabarar ta dace da giwan ruwa, wanda ya yi suna a bikin Argungu, domin shi ma ƙananan kifaye yake ci. Duk kifin roba da aka ɗaura, an bar wani ɗan kifi ya girma ke nan.

Sai dai tana in ta suɓuce, ruwa ya cinye ta. Roba kuwa takan shekara a ƙasan gulbi, ko ta toshe cikin kifin da ya haɗiye ta. Wanda zai gwada ta a madatsar Bakolori, ya koma gida da yagaggunta a aljihu.