4,171,104: Siffofin lambar da ƙidayar 2006 ta bai wa Jihar Borno

Lambar 4,171,104, wato miliyan huɗu da dubu ɗari da saba'in da ɗaya da ɗari da huɗu, ita ce adadin mutanen Jihar Borno a alƙaluman ƙarshe na ƙidayar da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a watan Maris na 2006, lokacin da aka samu mutum 140,431,790 a faɗin Najeriya. Tun daga wannan shekara ba a sake yin ƙidaya ba, saboda haka har yau daga wannan lamba ake fara hasashen yawan jama'ar jihar, daga Maiduguri har zuwa ƙauyukan gaɓar Tafkin Chadi. A fannin lissafi ma lambar tana da siffofin da suka cancanci a duba.

Masana sukan fara da warware lamba zuwa tushenta, wato lambobin da ba sa rabuwa sai da kansu ko da 1. Ana iya raba 4,171,104 gida biyu har sau biyar a jere kafin a isa 130,347. Wannan kuma tana rabuwa da 3 sau biyu, ta koma 14,483, wadda ita ce 7 sau 2,069. A nan warwarar ta tsaya, domin 2,069 ba ta rabuwa da komai. Ke nan lambar ita ce 32 × 9 × 7 × 2,069, kuma daga wannan tsari ake gane cewa lambobi 72 ne ke raba ta ba tare da saura ba.

Wannan yana da tasiri wajen rabo. Idan aka kasa adadin ga mazaɓun sanata uku na jihar, kowacce za ta samu 1,390,368 cif. Ƙananan hukumomi 27 kuwa ba su sami wannan dacewa ba: 27 tana buƙatar 3 sau uku, alhali sau biyu kawai take cikin lambar. Kowace ƙaramar hukuma za ta samu 154,485, a bar ragowar 9. Wannan matsakaici ne na takarda kawai, domin birnin Maiduguri ya ninka wasu ƙananan hukumomin yawan jama'a.

Akwai wani tsohon rabe-rabe da Nikomakus, masanin lissafi mai rubutu da Girkanci, ya bayyana wajen shekara ta 100 Miladiyya, malaman Larabawa kuma suka gaje shi. Ana tara dukkan masu raba lamba ban da ita kanta. In jimillar ta yi daidai da ita, kamar 6 da 28, sai a kira ta kammalalliya. In ta gaza, mai giɓi. In ta zarce, mai rara. Lambar Borno mai rara ce ƙwarai, domin jimillar ta kai 9,391,536, fiye da ninkinta biyu.

Alƙalumanta bakwai idan aka haɗa sun ba da 18, kuma 18 tana raba ta, a samu 231,728. Irin wannan lamba ce masanin Indiya D. R. Kaprekar ya laƙaba wa suna Harshad. Ba ta cikin lambobin murabba'i, domin ta faɗa tsakanin 2,042 sau 2,042 da 2,043 sau 2,043. A rubutun kwamfuta na 0 da 1 tana cin gurbi 22.