Ƙwaya Daga Gwamnati, Kunu Daga Gida

’Yan’uwa mata, a wannan fitowa ta bikin cika shekara na ga ya kamata mu waiwayi wani tarihi da ya ratsa ta gidajenmu da yawa, ko da yake ba kasafai ake faɗarsa a bainar jama’a ba. Tarihin wanda ya ɗauki nauyin ciyar da masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki ne.

Sunan da Bahaushe ya raɗa mata ma, kanjamau, daga rama ya samo asali. A Yuganda kuwa “slim” suka kira ta, wato siriri. Tun da aka ba da rahoton ɓullarta a Najeriya a 1986, abin da ido ya fara gani shi ne mutum yana zubewa, zani yana yi masa yawa. Shekaru goma sha biyar babu wani magani da talaka zai iya saye, sai kunu da addu’a.

A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga lafiya. A 2002 gwamnatin Obasanjo ta fara ba da maganin rage kaifin cutar a cibiyoyi 25, ana biyan kimanin Naira 1,000 a wata, kuma a 2006 aka mai da shi kyauta. Kuɗin waje ma ya shigo: asusun Global Fund a 2002, sai shirin PEPFAR na Shugaba Bush na Amurka a 2003, da Dala biliyan 15.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Wanda ya fara shan maganin, cin abincinsa na dawowa, yunwa ta taso masa gadan-gadan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2003 cewa mai ɗauke da cutar yana buƙatar ƙarin kashi 10 cikin ɗari na abinci mai ba da kuzari tun kafin ciwo ya bayyana, in ya kwanta kuwa kashi 20 zuwa 30. Yaron da ya fara rama yakan buƙaci ƙarin rabin abin da tsaransa ke ci, har ninkinsa. Ku dubi gidan da dama can sau biyu ake ɗora tukunya. Asibiti ya ba da ƙwaya kyauta, amma kwano na mai gida ne, in kuma mai gidan ne ya rasu, na matar da ya bari ne. Akwai waɗanda suka riƙa tsallake shan magani don kawai ba su karya ba.

Maganar bitamin ma ta yi tashe. A wani bincike da aka yi a Dar es Salaam ta Tanzaniya kan mata masu juna biyu sama da 1,000, wanda aka wallafa a 2004, an ga haɗin bitamin B da C da E yana jinkirta tsanantar cutar. Amma binciken nan dai ya nuna bitamin A, yadda aka ba da shi, ya ƙara haɗarin jariri ya ɗauka daga uwa. Wannan kaɗai ya isa mu daina sayen kowace kwalba da mai talla a mota ya ɗaga yana rantsuwa. Bitamin yana taimakawa, bai taɓa maye gurbin maganin asibiti ba.

Kenya ce ta gwada abin da ya fi burge ni. Daga 2006, da tallafin Amurka, ma’aikacin lafiya kan auna nauyin majinyaci, in ya rame ƙwarai a rubuta masa garin kunu mai ƙarin sinadarai kamar yadda ake rubuta magani. Waɗanda suka fi galabaita ana ba su gyaɗar nan ta leda, Plumpy’Nut, wadda ta yi suna a Maraɗi lokacin yunwar 2005. A wajenmu irin wannan tallafi ya fi zuwa ta hannun ƙungiyoyin agaji, yau akwai, gobe an ce shirin ya ƙare. Abin da bai yanke ba shi ne garin gero da waken soya da gyaɗa, da zogale, da kuɗin adashi da wata ta ɗauka ba zuwanta ba saboda an san halin da gidanta ke ciki, ba tare da an tona mata asiri ba.

Ƙidayar 2018 ta nuna mutum kusan miliyan 1.9 ke ɗauke da cutar a ƙasar nan. A Janairun 2025 Shugaba Trump ya dakatar da tallafin waje, hankalin masu karɓar magani ya tashi, sai gwamnatin tarayya ta amince da Naira biliyan 4.8 don sayen magunguna. Kuɗin na ƙwaya ne. Kudin gero da waken soya har yau daga lalitarmu yake fita, mudun kuwa kun san nawa ya kai a kasuwa.